Shinkafar da Aka Sauya wa Ƙwayoyin Gado da Halittun da ke Cikin Taɓon Gona

Gabatarwa

A shekarar 2009 Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar Sin ta ba da takardar shaidar rashin cutarwa ga wasu nau'o'in shinkafa guda biyu, wato Huahui 1 da Bt Shanyou 63, waɗanda masana a Jami'ar Aikin Gona ta Huazhong da ke birnin Wuhan suka samar a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Zhang Qifa. Abin da ya raba waɗannan nau'o'i da shinkafar da aka saba nomawa shi ne an dasa musu wata ƙwayar gado da aka ɗauko daga jikin bakteriya, wadda ke sa tsiron ya riƙa ƙera wani furotin a jikinsa, duk tsutsar kara ko tsutsa mai naɗe ganye da ta ci shi sai ta mutu. Ga manomin Sin wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Wani bincike da Huang Jikun da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2005 ya nuna cewa manoman lardunan Hubei da Fujian da aka ba irin wannan shinkafa don gwaji sun rage feshin maganin ƙwari da kimanin kashi 80 cikin ɗari. Duk da haka takardar ba ta kai ga sakin irin ga manoma ba, kuma ko a ƙarshen 2023, lokacin da hukumomin Sin suka amince da nau'o'in masara da waken soya da aka sauya wa ƙwayoyin gado, ba a sa shinkafa a ciki ba.

Akasarin gardamar da ake yi a kan irin wannan shinkafa ta tsaya ne a bakin tukunya, wato ko za ta cutar da wanda ya ci ta. Amma ƙwayar da ake dafawa wani yanki ne kawai na tsiron. Shinkafa tana yin wata uku zuwa biyar saiwarta na cikin taɓo, kuma bayan girbi saiwar da tushiya, sau da yawa har da karan, duk ana juye su ne cikin ƙasar gonar su ruɓe. Saboda haka duk abin da aka ƙara wa tsiron, ƙasa ce ke fara karɓarsa kuma ita ce ke daɗewa da shi. Wannan maƙala za ta duba abin da bincike ya gano game da tasirin irin wannan shinkafa a kan ƙananan halittun da ke zaune a cikin wannan ƙasa.

Mazauna Ƙarƙashin Ruwan Fangali

Giram ɗaya na ƙasar gona mai kyau, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, yana iya ɗauke da ƙwayoyin bakteriya kusan biliyan guda, ban da dangin funfuna da sauran halittun da ido ba ya gani. Waɗannan su ne ke ruɓar da kara da ganye su mai da su abincin shuka, su ne ke juya taki daga wata siffa zuwa wadda saiwa za ta iya sha, wasunsu kuma suna kamo iskar naitirojin daga sarari su ajiye ta a ƙasa. A kwarin kogin Yangtze an fi shekara 7,000 ana noman shinkafa, kamar yadda kufan Hemudu da aka gano a lardin Zhejiang a 1973 ya nuna, kuma ɗaya daga cikin dalilan da suka sa gonar shinkafa ta ruwa ke jure noma shekara da shekaru ita ce wannan hidima da ƙananan halittu ke yi ba tare da an biya su ba.

Gonar shinkafa ta ruwa ta sha bamban da gonar tudu. Da zarar an cika fangali da ruwa, iskar oksijin da ke cikin ƙasa takan ƙare cikin ɗan lokaci, domin halittun da ke ciki suna shaƙe ta da sauri fiye da yadda take iya ratsa ruwa ta sauko. Daga nan sai ragamar ta koma hannun halittun da ke rayuwa ba tare da oksijin ba. Da farko masu amfani da sinadaran taki za su yi aiki, sa'an nan masu amfani da sinadarin ƙarfe da ke cikin laka, daga bisani masu amfani da dangin farar wuta, kuma idan duk waɗannan suka ƙare sai a bar fagen ga wasu halittu da ake kira arkiya, waɗanda ke cin ragowar abin da ya ruɓe su fitar da iskar metan. Arkiya sun yi kama da bakteriya a madubin ƙara girma, amma a 1977 masanin Amurka Carl Woese ya nuna cewa zuriyarsu daban ce.

A tsakiyar wannan taɓo marar iska akwai wuri guda da ya fita daban, shi ne kewayen saiwa. Shinkafa tana da wasu ƙananan hanyoyin iska a cikin kara da saiwa, kamar bututu, da ke sauko da oksijin daga ganye, har wani ɓangare nasa ya tsiyaya zuwa ƙasar da ke manne da saiwar. Ta waɗannan hanyoyi ne kuma mafi yawan metan ɗin gonar ke haurawa sama. Bayan iska, saiwa tana zubo da sukari da wasu sinadarai masu tsami da ɓarɓashin jikinta, abin da za a iya kira gumin saiwa, kuma wannan gumi shi ne abincin miliyoyin halittun da ke cunkushe a wurin. Tun 1904 masanin Jamus Lorenz Hiltner ya lura da cewa wannan ɗan zobe na ƙasa duniya ce mai zaman kanta. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin manyan hanyoyin da tsiro ke taɓa halittun ƙasa su ne abin da yake zuba musu yana raye da abin da ya bar musu bayan ya mutu.

Yadda Furotin Bt ke Shiga Ƙasa

Bt taƙaitawa ce ta sunan Bacillus thuringiensis, wata bakteriya da masanin Japan Ishiwata ya fara ganowa a 1901 a jikin tsutsotsin siliki da ke mutuwa, Ernst Berliner kuma ya sake gano ta a Jamus a 1911 ya raɗa mata sunan yankin Turingiya. Tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi. Abin lura shi ne ita kanta mazauniyar ƙasa ce, ana samunta a gonaki ko'ina a duniya.

Furotin da take ƙerawa yana da zaɓe ƙwarai. Sai ya shiga hanjin tsutsa, inda ruwan ciki ke da ɗabi'ar kanwa, ya narke, sinadaran narkar da abinci su datse shi, sa'an nan ya sami wasu madafai na musamman a bangon hanjin ya manne, ya huda shi. Bakteriya ba ta da hanji balle madafan, haka ma funfuna da arkiya. A bisa wannan, babu dalilin zaton furotin zai kashe su, hasali ma a wurinsu abinci ne kamar kowane furotin. Sai dai ba daidai ba ne a rufe magana a nan. Maganin feshi yakan zauna a kan ganye kwana kaɗan rana ta lalata shi, alhali shinkafar Bt tana ƙera furotin a jikinta tun daga tsiro har girbi, kuma a siffar da ta riga ta narke. Yawan da tsawon lokacin da ƙasa za ta yi tana karɓarsa sabon abu ne, dole a auna shi.

Wanda ya fi kowa tono wannan batu shi ne Guenther Stotzky na Jami'ar New York. A 1999 shi da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Nature cewa masarar Bt tana fitar da furotin ta cikin gumin saiwarta, a 2004 kuma suka nuna cewa shinkafa da dankalin Turawa ma haka suke yi, amma ban da auduga da taba. Sun kuma gano cewa furotin yana manne wa ƙwayoyin yumɓu da ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ƙasa, kuma idan ya manne sai ya yi wa bakteriya wuyar ci, ya daɗe bai rasa ƙarfinsa na kashe tsutsa ba. Wannan labari ya tayar da hankali a lokacin, ko da yake gwaje-gwajen da su Stotzky ɗin suka yi daga baya ba su nuna wata illa ga bakteriya ko funfuna ko tana ba.

Da masanan Sin suka auna furotin da aka samo daga shinkafar Bt, sun tarar cewa a ƙasa mai samun iska rabinsa yakan lalace cikin 'yan makonni, amma a ƙasar da ruwa ya rufe lalacewar takan yi jinkiri, a wasu irin ƙasa har ta ɗauki watanni. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin komai ma a hankali yake ruɓewa inda babu oksijin. Amma darasi ne cewa sakamakon da aka samu a gonar masara ba a ɗauko shi kai tsaye a ɗora wa fangalin shinkafa.

Abin da Aka Gani a Zhejiang

Mafi yawan binciken farko an yi shi ne a Jami'ar Zhejiang da ke Hangzhou, a kan wata shinkafar Bt mai suna KMD, wadda aka samar daga wani nau'in gida da ake kira Xiushui 11. Wannan ya ba da damar kwatanci mai kyau, tun da uwa da 'ya ne, bambancinsu bai wuce abin da aka dasa ba.

A wani gwaji da Wu Weixiang da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, an cuɗa karan KMD a cikin wata ƙasa, karan uwarta a cikin wata, aka rufe su da ruwa, aka riƙa ɗibar ƙasar lokaci bayan lokaci ana ƙirga halittun da ke ciki da auna ƙarfin aikinsu. An ga bambanci a wasu lokuta, wasu rukunan halittu sun fi yawa a nan, wani aiki ya fi ƙarfi a can. Amma babu alamar cewa karan Bt guba ne gare su. Bayanin da masanan suka fi karkata gare shi shi ne cewa dasa ƙwayar gado ya ɗan sauya haɗin sinadaran karan kansa, wato abincin ne ya ɗan canza ɗanɗano, masu cinsa kuma suka nuna hakan. Wannan batu yana da muhimmanci fiye da yadda ake ba shi. Idan aka cusa sabuwar ƙwayar gado a jikin tsiro, tana iya faɗawa kusa da wasu ƙwayoyin ta ɗan taɓa aikinsu, kuma raino da ake yi wa tsiron a kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje shi ma yana haifar da nasa ƙananan sauye-sauye. Don haka ba duk bambancin da aka gani a ƙasa ne laifin furotin ba.

A 2008 aka wallafa wani bincike daga wannan jami'a wanda aka kai shi har gona. An shuka KMD, an shuka uwarta, an kuma shuka uwar a wani fangali da aka yi wa feshin maganin ƙwari, aka bi su tun daga dashe har nuna. Babban abin da ya fito fili shi ne cewa halittun kewayen saiwa suna sauyawa matuƙa gwargwadon shekarun tsiron. Jama'ar da ke wurin lokacin da shinkafa ke ƙarama ba ita ce ke wurin lokacin da ta ɗauki ciki ba, kuma wata ce daban lokacin da zangarniya ta nuna. Tsakanin KMD da uwarta kuwa ba a sami wani bambanci mai ɗorewa ba, ko a numfashin ƙasa ko a yawan metan da take samarwa. Bincike masu yawa da suka biyo baya a kan wasu nau'o'in Bt, har da Huahui 1, sun zo da makamancin wannan hoto: akan ga ɗan bambanci a wani mataki na girma ko a wata shekara, sa'an nan ya ɓace a mataki na gaba, kuma kusan kullum yanayin shekara da irin ƙasar gonar da yadda ake ba da ruwa sun fi ƙwayar gadon tasiri nesa ba kusa ba.

Matsalar Ma'auni

Kafin a amince da waɗannan sakamako, yana da kyau a san yadda ake ƙirga abin da ido ba ya gani. Tsohuwar hanya ita ce a jiƙa ƙasa a ruwa, a shafa ruwan a kan faranti mai ɗauke da abincin bakteriya, a jira a ƙirga abin da ya tsiro. Aibinta shi ne galibin halittun ƙasa ba sa yarda su tsiro a faranti. Waɗanda ke tsirowa ba su kan wuce ɗaya cikin ɗari ba. A 1990 Vigdis Torsvik ta Jami'ar Bergen a ƙasar Norwe ta ciro sinadarin gado na DNA kai tsaye daga ƙasar daji, ta ƙiyasta cewa giram guda yana ɗauke da dubban nau'o'in bakteriya dabam-dabam. Tun daga nan aka koma ga karanta DNA, kuma injunan zamani suna iya fitar da jerin sunayen mazauna ɗan dunƙulen ƙasa har da waɗanda ba su taka kara sun karya ba.

Sai dai kaifin ma'auni ya zo da nasa ruɗani. Idan aka ɗebi ƙasa daga kusurwa biyu na fangali guda aka karanta, sai an sami bambanci, ba a rasa nono a ruga. Saboda haka cewa an ga bambanci tsakanin shinkafar Bt da uwarta bai isa hujja ba, sai an tambaya ko bambancin ya wuce wanda ake samu tsakanin nau'o'in shinkafa na gargajiya su ya su. A 2015 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ƙarƙashin Venkatesan Sundaresan, sun nuna cewa nau'in shinkafa yana da hannu wajen zaɓen halittun da ke zama a saiwarsa, amma ƙasar da aka shuka shi a ciki ta fi ƙarfin faɗa a ji. A 2019 kuma Bai Yang da abokan aikinsa a Kwalejin Kimiyya ta Sin sun gano cewa manyan rassan shinkafar Asiya guda biyu, indika da japonika, kowanne da irin jama'ar da yake tarawa, indika ta fi jawo bakteriya masu harkar naitirojin, kuma sun danganta wani ɓangare na wannan da ƙwayar gado guda ɗaya mai suna NRT1.1B, wadda halitta ce ta bambanta ta tsakanin rassan biyu, ba hannun mutum ba. Ma'ana, duk manomin da ya bar irin da ya gada ya karɓi sabon iri daga malamin gona ya riga ya sauya mazauna ƙasarsa, ko da bai sani ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin sunayen mazauna da aikin da suke yi. Garin da ke da maƙera ashirin, idan biyu suka tashi wasu biyu suka zo, garma ba za ta yi wuyar samu ba. Haka ruɓar da kara yake, dubban nau'o'i ne suka iya shi, tashin wasu ba ya tsayar da aiki. Amma akwai sana'o'in da 'yan ƙalilan ne suka iya su, kamar cinye iskar metan kafin ta fita sarari, ko juya sinadarin amoniya na taki zuwa wata siffar. Binciken da ya san abin da yake yi waɗannan ƙananan rukunai yake sa wa ido, kuma yana auna aikin kansa, ba ya tsayawa ga jerin sunaye. Inda za a iya kushe yawancin gwaje-gwajen da aka wallafa shi ne gajartarsu, shekara biyu ko uku, alhali sauyin ƙasa abu ne mai tafiyar hawainiya.

Wani tsoro da akan ambata shi ne kada bakteriyar ƙasa ta tsinci ƙwayar gadon da aka dasa daga ruɓaɓɓiyar saiwa ta sa a jikinta, musamman da yake wasu nau'o'in farko suna ɗauke da ƙwayar jure wa magungunan kashe bakteriya, wadda masana ke haɗawa a matsayin alama. An iya tilasta irin wannan ƙaura a ɗakin gwaje-gwaje. A gona kuwa, wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2008, a filin da aka shekara goma ana noma masarar Bt mai irin wannan alama, ya tarar cewa ƙwayoyin jure wa magani sun riga sun cika ƙasar tun asali, kuma ba su fi yawa a gonar Bt ba a kan ta kusa da ita.

Shinkafar da Aka Ƙera Don ta Sauya Ƙasa

Kuskure ne a ɗauki sakamakon shinkafar Bt a yanke wa dukkan shinkafar da aka sauya wa ƙwayoyin gado hukunci da shi, domin kowace ƙwayar gado da aikinta da kuma sashen tsiron da take aiki a ciki. Shinkafar nan mai launin zinariya da Ingo Potrykus da Peter Beyer suka bayyana a shekarar 2000, wadda ƙasar Filifin ta amince da nomanta a 2021 kafin wata kotu ta dakatar da shi a 2024, an tsara ta ne yadda ƙwayoyin da aka dasa za su yi aiki a cikin tsabar kawai, don su samar da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, saboda haka huldarsu da saiwa kaɗan ce. Shinkafar da aka ƙara wa sinadarin narkar da bangon funfuna don ta jure cuta kuwa dole a tuhume ta da kyau, tun da akwai funfuna masu amfani da ke haɗa kai da saiwa su taya ta jawo sinadarin fosfaras, musamman a shinkafar tudu.

Misalin da ya fi fito da wannan batu fili ya zo a 2015. Chuanxin Sun na Jami'ar Kimiyyar Aikin Gona ta Suwidin da ke Uppsala, tare da masana daga lardin Fujian, sun ɗauko wata ƙwayar gado daga sha'ir mai suna SUSIBA2 suka dasa wa shinkafa. Aikin wannan ƙwaya shi ne karkatar da sukarin da ganye ke haɗawa zuwa kara da tsaba, sai rabon saiwa ya ragu. Tsabar ta ƙara sitaci, gumin saiwa ya sauya, arkiya masu samar da metan suka ragu a kewayen saiwar, kuma a gwajin shekara uku da aka yi a gonakin Sin iskar metan da ke fita ta faɗi ƙasa warwas. Idan aka tuna cewa gonakin shinkafa ne ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin goma na metan da ayyukan ɗan Adam ke jawowa, kuma metan ya fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 28 a tsawon shekara ɗari, za a gane dalilin da ya sa aka yi marhabin da labarin. A nan sauya halittun ƙasa shi ne ainihin abin da aka nema, kuma an same shi ba tare da wata guba ba, ta hanyar rage musu abinci kurum.

Amma ba arkiya kaɗai ke ci daga wannan akushi ba. Masanin ƙananan halittu na ƙasar Holan, Paul Bodelier, ya yi sharhi a wannan mujalla ta Nature da aka buga binciken, inda ya ja hankali cewa rage abin da saiwa ke zubawa zai iya shafar sauran halittun da ke samar wa shinkafa abinci, kuma idan har manomi ya koma cike giɓin da ƙarin takin zamani, to wata iskar mai ɗumama duniya za ta iya maye gurbin wadda aka rage. Wannan gargaɗi ya dace da duk wata shinkafa da aka taɓa harkar saiwarta. Alal misali, a shekarun 2010 an yi gwajin killatacciyar gona a Gana da Yuganda da kuma Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja, a kan shinkafar tudu ta NERICA 4 da aka dasa wa wata ƙwayar gadon sha'ir don ta ƙara cin moriyar takin naitirojin. Irin wannan shinkafa a saiwa take aikinta, a kan sinadarin da bakteriya ma ke nema, kuma a ƙasar tudu mai samun iska wadda ba ta yi kama da taɓon Zhejiang ba, don haka nata awon daban ne.

Labarin SUSIBA2 bai tsaya a 2015 ba. Masanan Uppsala sun ci gaba da tantance gumin saiwar, har a farkon 2025 suka bayyana a mujallar Molecular Plant cewa sinadarai biyu ne ke riƙe da akalar al'amarin: fumaret, wanda ke ƙarfafa masu samar da metan, da itanol, wato sinadarin barasa, wanda ke danne su. Da suka san haka sai suka nemo wani nau'in shinkafa mai ƙarancin metan da ba a taɓa ƙwayoyin gadonsa ba, mai suna Heijing, suka yi masa aure da wani nau'i mai yawan amfani ta hanyar barbara irin ta gargajiya. Abin da aka haifa yana zubo da fumaret kaɗan da itanol mai yawa, kuma a gonakin gwaji na Sin ya rage metan da kusan kashi 70 cikin ɗari ba tare da amfanin gona ya ragu ba. Wannan sabon nau'i yana juya halittun kewayen saiwa, amma da yake ba a dasa masa komai daga waje ba, dokokin yawancin ƙasashe ba su wajabta a yi masa irin binciken muhallin da aka yi wa Huahui 1 ba. Kanada ce ta yi fice wajen bin wata hanya dabam, domin dokarta tana duba sabuwar ɗabi'ar da tsiro ya zo da ita ne, ko ta wace hanya aka samo ta.